Jiniya Ta Yi Shiru, Lasifika Ta Karɓa: Nauyin da Coci Ya Gada a Kakuri

Akwai zamanin da mutumin Kakuri ba ya buƙatar agogo. Jiniyar masaƙa ce ke tashinsa da asuba, ita ke sallamar masu aikin safe, ita kuma ke kiran masu aikin dare. Da zarar ta yi kuka sai titi ya cika maƙil da kekuna, masu fitowa da ƙurar auduga a gashinsu, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a bayan sirdi. Mai shayi ya san lokacin da zai ƙara gawayi, mai tuwo ta san lokacin da za ta sauke tukunya. Kusan shekara ashirin ke nan da yawancin waɗannan jiniyoyi suka yi shiru. Sautin da ke raba kwanakin mako a Kakuri yanzu daga wuraren ibada yake fitowa: kiran salla daga masallatan Kakuri Hausa da Makera, sai kuma lasifikar majami'u, wadda ke ɗauke da sujadar safiyar Lahadi, da addu'ar tsakiyar mako, da kwanan addu'a na daren Juma'a.

Wannan sauyin sauti yana ɗauke da labari mai nauyi. Bayan albashi, masaƙa tana ba ma'aikaci ɗakin shan magani da zai je idan jiki ya ƙi daɗi, da ƙungiyar da za ta tsaya masa idan an zalunce shi, da abokin da zai ranta masa kafin ƙarshen wata, da sunan da zai amsa a gaban surukansa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Da masaƙar ta rushe, wannan kaya bai ɓace ba, kafaɗa kawai ya sauya. A kudancin Kogin Kaduna, coci ne ya wayi gari da mafi yawansa a ka, ko ya shirya ko bai shirya ba. Saboda haka mai son auna aikin ikilisiya a wannan yanki zai yi kuskure idan ya tsaya ga ƙirga kujeru ranar Lahadi. Ma'aunin gaskiya shi ne abin da cocin ya bari a unguwa daga Litinin zuwa Asabar.

Unguwar da zare ya haifa

Kakuri tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu, dab da babbar mahaɗar jirgin ƙasa inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal. Wannan matsayi, tare da ruwan kogi da audugar ƙasar Zazzau da Funtuwa, shi ya ja hankalin gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna Ahmadu Bello. A 1957 masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, ta fara aiki da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na yankin Lankasha a Ingila. A shekarun 1960 masaƙun Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, ta biyun da hannun Japanawa, ta ukun da jarin 'yan kasuwar Hong Kong. A 1964 aka kafa masana'antar kayan tsaro ta DICON, sannan a 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motocin da Hausawa ke kira Fijo.

Ma'aikata suka kwararo daga ko'ina, suka tarar da Gbagyi 'yan ƙasa. Akwai Bajju da Atyap da Ham da Adara daga kudancin lardin Zazzau, akwai Tibi da Idoma da Igala daga gefen Binuwai, akwai mutanen Filato da na Adamawa, ga Hausawa da Yarbawa da Ibo. Harshen da ya haɗa su a bakin inji da kasuwa shi ne Hausa. Abin da ya haɗa zuciyarsu kuwa shi ne takardar albashi iri ɗaya. A 1978 aka dunƙule ƙananan ƙungiyoyin ma'aikatan masaƙu zuwa babbar ƙungiya guda ta ƙasa mai hedkwata a Kaduna, kuma daga Arewa Textiles ne Adams Oshiomhole ya taso har ya zama babban sakatarenta a 1982, daga baya ya shugabanci Ƙungiyar Ƙwadago ta Ƙasa a 1999. A ranar yajin aiki, Musa Musulmi da Musa Kirista layi ɗaya suke tsayawa, kokensu ɗaya, wanda suke kai wa koken ma ɗaya.

Coci, masaukin baƙo

Majami'un wancan zamani an gina su ne daidai da buƙatar baƙon da ya bar ƙauye. ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga mishan ɗin SIM, ta bi 'ya'yanta daga Kagoro da Kwoi zuwa birni. Labarin HEKAN ya fi kowanne bayyana halin da ake ciki. Sunanta Haɗaɗɗiyar Ekklisiyar Kristi a Nijeriya, kuma ta samo asali ne daga ma'aikatan da suka zo Kaduna daga ɗariƙu daban-daban na Filato da Adamawa da Binuwai, suka ga cewa gara su yi sujada tare da harshen Hausa maimakon kowa ya kafa tasa rumfa. Ɗariƙar Katolika kuwa ta zo da gine-ginen da har yau suke tsaye a Kakuri: asibitin St. Gerard, wanda ke karɓar marasa lafiya tun ƙarshen shekarun 1950, da makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles, wadda gwamnati ta karɓe a farkon shekarun 1970 ta mayar da ita Kwalejin Sarauniya Amina.

Tsarin waɗannan majami'u yana kama da tsarin ƙungiyar ƙwadago fiye da yadda aka saba lura. Akwai dattawan da jama'a ke zaɓa, akwai ma'aji da sakatare, akan sanar da abin da aka tara na baiko a gaban kowa, kuma fasto ma'aikaci ne da majalisar gunduma ke iya ɗauke shi daga wannan gari ta kai shi wancan. Ƙashin bayan ikilisiya ita ce Zumuntar Mata, masu anko da tulun kiɗa, waɗanda ke kai ziyara gidan mai jego, su yi girki a gidan makoki, su haɗa kuɗin motar kai gawa ƙauye. Tsarin yana da nasa aibi. Tafiyarsa ta hawainiya ce, dattawa sukan riƙe makirufo har saurayi ya yi furfura bai samu damar magana ba, kuma sau da yawa ana iya gane ƙabilar mutum daga sunan cocin da yake zuwa. Duk da haka kuɗinsa yana zagayawa ne a cikin unguwa, kuma mai bayarwa yana da bakin tambaya.

Rushewa biyu a lokaci guda

Masaƙun ba su mutu dare ɗaya ba. Shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 ya karya darajar naira, ya sa kayan gyaran inji suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama ta jeka-ka-dawo, baƙin mai ya yi wuyar samu, noman auduga ya ja baya, atamfar fasa-ƙwauri daga Asiya ta cika kasuwanni ta iyakokin Nijar da Binin. KTL, mallakar jihohin Arewa 19, ta rufe ƙofa a 2002, ta bar ma'aikatanta suna bin haƙƙinsu na sallama shekara da shekaru, wasu har suka riga mu gidan gaskiya ba su karɓa ba. Sauran suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, har UNTL, babbar cikinsu, ta dakatar da aiki a 2007.

A daidai waɗannan shekaru ne garin ya tsage gida biyu. Rikicin da ya ɓarke ranar 21 ga Fabrairu 2000 kan batun shari'ar Musulunci, da wanda ya biyo baya a watan Mayu, sun ci rayuka fiye da dubu. A Nuwamba 2002 rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya ya ƙara cin sama da 200. Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu a Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka tsallaka gada zuwa Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi, Musulmi da yawa kuma suka yi ƙaura zuwa arewa. Kakuri da Makera da Nasarawa suna cikin 'yan unguwannin kudu da har yanzu mabiya addinan biyu ke cin kasuwa ɗaya, amma ko a nan kowa ya san layin da ba ya kwana a cikinsa idan gari ya ɗauki zafi.

Haɗuwar waɗannan masifu biyu ita ce mabuɗin fahimtar cocin yau. Wurin da ke tara mutane saboda sana'arsu ya rufe a daidai lokacin da tsoro ke tara su saboda addininsu. Magidancin da jiya yake gabatar da kansa a matsayin ma'aikacin sashen rini, yau ba shi da sunan da ya rage masa sai na cocinsa.

Bisharar wadata da tattalin arzikin sa'a

Sabon salon wa'azin da ya cike wannan giɓi ba baƙo ba ne a Kaduna. A nan ne David Oyedepo ya buɗe cocin Living Faith a 1983, kuma babban cocinsa na Barnawa, maƙwabciyar Kakuri, yana nan har yau. Daga Kaduna ya koma Legas, sannan a 1999 ya buɗe ɗakin sujada mai ɗaukar mutum 50,000 a Ota. A 1985 majami'un Fentikos suka kafa ƙungiyarsu ta PFN. Saƙon da ya yi fice a tsakaninsu, wanda Benson Idahosa na Benin ya share wa hanya, shi ne cewa talauci ba rabon mai bi ba ne, kuma bangaskiya da bayarwa suna buɗe ƙofar lafiya da arziki a wannan duniya.

Ruwa ba ya tsami banza. A zamanin albashi rayuwa tana da tsani: shekarun aiki su kawo ƙarin girma, ƙarin girma ya kawo giratuti. Da tsanin ya karye, samun kuɗi ya koma hannun sa'a. Yau ɗan acaɓa ya samu fasinja, gobe ya kwana da yunwa. Mai digiri ya yi shekara biyar yana yawo da takardu, sa'ansa ya samu kwangila ɗaya ya sayi mota. Wa'azin da ke alƙawarin buɗi na farat ɗaya ya dace da duniyar da a cikinta buɗi, idan ya zo, farat ɗaya yake zuwa.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin da wannan salo ya kawo. Ya raba magidanta da yawa da gidan burkutu, ya mayar da kuɗin giya kuɗin makaranta. Ya miƙa wa matasa makirufo da jita da kyamara a lokacin da tsofaffin majami'u ke ce musu su jira. Ya ba mata mumbari. Ya kuma karya katangar ƙabila, domin a cocin Fentikos Bajju da Ibo da Idoma benci ɗaya suke zama, ba mai tambayar ƙauyen wani. Mutumin da aka kora daga aiki ba tare da ko sisi ba, idan ya samu wurin da ake ce masa yana da daraja kuma gobensa za ta fi yau, ba a yi masa adalci ba idan aka kira shi wawa.

Sai dai akwai farashi. Ƙungiyar ƙwadago tana koya wa ma'aikaci cewa talaucinsa yana da adireshi: ga manajan da ya hana, ga dokar da ta buɗe iyaka, ga ofishin da za a je a yi zaman dirshan. A bakin masu wa'azi da yawa na yau, adireshin ya koma cikin mutum da danginsa: la'anar kakanni ce, ko maƙiyi a ƙauye, ko ƙarancin bangaskiya, ko ushirin da bai biya ba, wato kashi ɗaya cikin goma na abin da ya samu, wanda masu sujada da Hausa kan kira zakka. Ta haka koken jama'a ya farfashe ya zama matsalar ɗaiɗaiku. Mutum dubu da rufe masaƙa ɗaya ya jefa cikin yunwa sai su taru a ɗaki guda, kowa yana yaƙi da nasa aljanin.

Farashi na biyu ya shafi hanyar da kuɗi ke bi. A majami'un da ke da rassa, kaso mai tsoka na abin da aka tara yakan haura zuwa hedkwata a Legas ko Abuja. A ƙananan da mutum ɗaya ya kafa a shago ko ajin makaranta, sau da yawa aljihun coci da aljihun fasto ba su da shamaki. Kuma tunda buɗe coci ba ya buƙatar jari mai yawa, ya zama sana'ar da mai neman aiki ke iya faɗawa, mataimaki ya ɓalle da rabin jama'a ya kafa nasa a layi na gaba. Tsofaffin ɗariƙu ma, don gudun kada matasa su tsere musu, sun ɗauki kwanan addu'a da taron farkawa da gasar ginin da ya fi na maƙwabta tsawo.

Fasto a cikin waya, Hausa a bakin ƙofa

Sauyi na baya-bayan nan ya shigo ne ta wayar hannu. Taron Koinonia da Joshua Selman ya fara a Zariya a 2011 ya yaɗu a tsakanin ɗalibai ta hanyar wa'azin da ake turawa kyauta daga waya zuwa waya, tun kafin ya koma Abuja. A 2020, lokacin da kullen korona ya rufe masallatai da majami'un Kaduna na tsawon watanni, addu'ar safe da Jerry Eze ke gabatarwa a YouTube ta zama abin da dubban ɗaruruwa ke farawa da shi kafin karin kumallo. Matashiyar da ke Kakuri yanzu tana iya samun koyarwarta daga Abuja, waƙarta daga Legas, ta kuma tura baikonta ta banki zuwa wurin da ba ta taɓa takawa ba.

Wannan ya faɗaɗa zaɓi, ya kuma tilasta wa faston unguwa ya yi shiri kafin ya hau mumbari. Amma fasto na cikin waya ba ya zuwa asibitin Gwamna Awan da tsakar dare, ba ya sasanta miji da mata, ba ya tsaya wa yaro a ofishin 'yan sanda. Hankali da kuɗi suna tafiya sama, wahala kuma tana nan a ƙasa, a hannun ƙaramin cocin da abin hannunsa ke raguwa, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023.

Tare da waya, harshe ma yana sauyawa. Tun da aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a 1932, bayan aikin da Dokta Walter Miller da abokansa suka yi, Hausa ta zama harshen sujada ga miliyoyin Kiristocin Arewa. A yau, a majami'u da yawa na birni, sujadar Turanci ce ke cika da matasa, ta Hausa kuma ta zama ta tsofaffi da zawarawa. Wasu suna gudun Hausa ne don Turanci ya fi kama da ci gaba, wasu kuma don suna ganinta harshen waɗanda suka danne kakanninsu, suna fifita Tyap ko Jju ko Gbagyi. Dalilin na biyu yana da tushe a tarihi, kuma raya harshen uwa haƙƙi ne. Amma akwai asarar da ba a cika lissafawa ba. Da Hausa, Kirista da Musulmi suna kiran Mahalicci da suna ɗaya, suna cewa addu'a da gafara da albarka da kalmomi ɗaya. Yaron da ya tashi a Sabon Tasha ba ya jin Hausa sosai, da sa'ansa na Rigasa da bai taɓa zama aji ɗaya da Kirista ba, ba su da gadar da za su haɗu a kai ko da sun so.

Ƙofar da ake bincike, littafin da ba a buɗewa

Babu mai yi wa cocin Kaduna hukunci da gaskiya ba tare da ya dubi tsoron da yake aiki a cikinsa ba. A Yuni 2012 bam ya tashi a wani coci a Tirkaniya, nan kusa da Kakuri, rana ɗaya da hare-haren Zariya, kuma ramuwar gayya da ta biyo baya ta ci rayukan Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba. A Oktoban shekarar aka kai hari cocin St. Rita a Malali. Tun daga nan shingen ƙarfe da binciken jaka suka zama wani ɓangare na sujada. Daga baya masu garkuwa da mutane suka karɓi fagen. A Janairu 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga makarantar horar da limaman Katolika ta Good Shepherd a Kakau, aka kashe ɗaya daga cikinsu, Michael Nnadi, yana ɗan shekara 18. Ranar 5 ga Yuli 2021 aka kwashe ɗalibai fiye da 120 daga makarantar sakandaren Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun, na ƙarshensu bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu. Haɗa kuɗin fansa ya shiga jerin ayyukan ikilisiya, kusa da kuɗin biki da na jana'iza.

Jama'ar da ke cikin irin wannan hali takan ɗauki kowace tambaya daga waje a matsayin hari. Lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta gabatar da ƙudurin gyara dokar wa'azi ta 1984 a 2016, wanda ya tanadi lasisin masu wa'azi da taƙaita lasifika da dare, shugabannin Kirista da wasu malaman Musulunci sun yi masa ca. A Janairu 2017 ƙa'idar da ta ƙayyade wa shugabannin ƙungiyoyin addini wa'adin shekara 20 ta sa Enoch Adeboye ya naɗa wani ya jagoranci cocin Redeemed a Nijeriya, amma cikin 'yan kwanaki gwamnatin tarayya ta dakatar da ita. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020, wadda sashenta na 839 ya ba hukuma ikon dakatar da amintattun ƙungiya, ita ma ta sha suka daga CAN.

Tsoron bai rasa dalili ba, domin gwamnatin da ke ba da lasisin wa'azi tana iya hana shi ga wanda ya soke ta. Amma wanda ya ƙi binciken hukuma ya ɗora wa kansa wajibin buɗe littafinsa ga masu zuba kuɗin. Bazawarar tsohon ma'aikacin KTL da ke cire ushiri daga cinikin ƙosai tana da haƙƙin sanin inda ya tafi. Wannan magana ba ta tsaya a bakin coci ba. Masallatai da ƙungiyoyin wa'azi na arewacin kogi suna fuskantar irin waɗannan tambayoyi game da malamin da ya fi ƙungiyarsa girma, da gasar gini, da mabiyan da suka koma Facebook da TikTok. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Ma'aunin Litinin zuwa Asabar

Coci ba gwamnati ba ne, kuma ba zai iya tayar da KTL daga kabari ba. Wutar lantarki da tsaron iyaka da farashin auduga suna hannun waɗanda aka zaɓa. Amma tarihi ya nuna abin da ikilisiya ke iya yi a garin da aiki ya gudu. A Mondragon, wani ƙaramin gari a yankin Bask na Sifaniya da yaƙin basasa ya talauta, wani limamin Katolika mai suna José María Arizmendiarrieta ya buɗe makarantar koyon sana'a a 1943. A 1956 ɗalibansa biyar suka kafa masana'antar da ma'aikata ke mallaka, wadda ta haifi rukunin kamfanonin haɗin gwiwa da ke ɗauke da dubun dubatar ma'aikata a yau. Shekara goma sha uku ya yi yana koyarwa kafin a ga ɗan fari. Irin wannan haƙuri ne wa'azin buɗin farat ɗaya ba ya koyarwa.

Kakuri tana da abin farawa. Akwai tsofaffin makanikan inji da masu gyaran lantarki da masu rini da ke zaune a benci kowace Lahadi, iliminsu yana tsufa tare da su, alhali matasan da ke bayansu ba su da sana'a. Akwai ɗakunan sujada da ke kulle kwana biyar a mako. Akwai adashin Zumuntar Mata, wanda da rajista da ƙwararren akawu zai iya zama asusun bashi na gaske. Cocin da ya jinkirta sayen sabuwar lasifika ya buɗe ajin walda ko ɗinki, ya liƙa rahoton kuɗinsa a allon sanarwa, ya ware kaso sananne da ba ya barin unguwa, ya yi wa'azin da ya fi na kwanan addu'a goma. Haka nan fastocin da za su tsaya tare da tsofaffin ma'aikata wajen neman haƙƙinsu za su maido wa talauci adireshinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne a addinin. Littafin Ayyukan Manzanni, sura ta 6, ya ba da labarin yadda ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman don kula da rabon abinci, bayan an yi ƙorafin cewa ana tsallake zawarawan wani ɓangare masu wani harshe. Tsarin mulki na farko da coci ya ƙirƙiro, saboda adalcin rabo aka ƙirƙiro shi.

Sai kuma batun maƙwabci. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka yaƙi juna a 1992 har Wuye ya rasa hannu, sun kafa cibiyar sasanci a Kaduna a 1995, kuma da ƙoƙarinsu shugabannin addini 22 suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Agusta 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta. Aikinsu ya ceci rayuka da yawa daga baya, amma darasin ya fito fili: sa hannun manya ba ya maye gurbin cuɗanyar yau da kullum. Asibitin St. Gerard ya fi kowace takarda tasiri a wannan fanni, domin ba a tambayar mai naƙuda addininta kafin a ba ta gado.

Jiniyar masaƙa tana kiran kowa zuwa ƙofa ɗaya. Lasifika kuwa, ta coci ko ta masallaci, kowace tana kiran nata zuwa tata ƙofar, kuma hakan ba laifi ba ne a ranar ibada. Abin da Kakuri ta rasa shi ne dalilin da zai sa ɗan Makera da ɗan Unguwar Television su tashi da safiyar Litinin su nufi wuri guda. Cocin da ya buɗe ajin sana'a, ya rubuta sunan Musa Musulmi a rajista kusa da na Musa Kirista ba tare da ya nemi ya sauya masa addini ba, shi ne ya fahimci gadon da masaƙa ta bar masa.